Kafin Ka Ɗora Gatari a Kurmin Fakku

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Babana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa ka karanta wannan takarda kana zaune lafiya a Fakku, motarku ta sauke ku ba tare da wani abu ya tare ku a hanya ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya kare ka daga mai jan ciki a cikin ciyawa, da ruwa mai cuta, da mutumin da ba ya tsoron Sa. Ka gaishe mini da Kawunka Ummaru da mutanen gidansa.

Na cusa takardar nan a bakin buhun geronka don na san ba za ka kwance shi ba sai ka isa. Da ina iyawa, da na zaunar da kai na faɗa maka da baki. Amma kai ne na fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ƙannenka nakan yi musu faɗa har maƙwabta su leƙo, kai kuwa tun kana yaro sai dai in aika a kai maka tuwo in kau da kai. Yau dole ta sa na ari bakin alƙalami.

Ba laɓe na yi muku ba. Ina shanyar kuɓewa a bayan zaure ranar da Kawunka ya zo, muryarsa kuwa ka san ta, ko a tsakiyar kasuwar Tambuwal ba ta ɓacewa. Na ji yana ce maka:

"Itacen ga na bakin tabki su ka cinye maka wuri. Ɓaure, kanya, ɗorawa, mi sunka tsinana ma wani? Tsuntsaye da macizai ɗai. Masu gawai na nan suna jira, su sare su kwashe, kai ko ka zuba albasa har bakin ruwa."

Ka ce masa da ka iso za a fara. Washegari na ga ka kai gatarin babanka maƙera, ka dawo da shi yana ƙyalli. Tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Gonar nan ta Fakku rabona ce daga mahaifina, na ba ka ita da zuciya ɗaya, ba zan karɓe ba. Abin da nake jin tsoro shi ne kurmin da ya kewaye tafkin. Idan aka sare shi ina jin tafkin ba zai daɗe ba. Idan tafkin ya tafi babu albasa, babu gona, kuma ban san abin da zai shiga tsakaninka da masu shayar da shanu a wurin ba. Maganar ke nan gaba ɗayanta. Sauran bayani ne na yadda aka yi na san haka.

Bana na gama digirina a ilimin halittu, da furfura a kaina, bayan na daɗe ina koyar da 'yan firamare ina zuwa karatu lokacin hutu. Ƙanwarka Hauwa tana tsokanata wai tun da na shiga jami'a ko sunana aka tambaye ni sai na ce bari in duba. Tana da gaskiya, ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Saboda haka zan riƙa rarrabe maka abin da na gani da idona, da abin da na karanta, da abin da zato ne kawai.

A cikin darussanmu akwai fannin da ya fi tayar mini da hankali. Shi ne na yadda halittu ke zama da juna da wurin da suke zaune: wa ke cin wa, wa ke fakewa a inuwar wa, me zafi da ruwa da ƙasa ke yi musu. Yaran da muke aji ɗaya suna haddacewa don jarrabawa. Ni kuwa kowane darasi aka buɗe sai in ga tsakar gidanmu.

Ba ka san tsamiyar gidan nan ba. Tana tsaye ne inda yanzu aka kafa ƙarfen igiyar shanya, babba ce, da kogo a sama. Kana jinjiri, ba ka fara rarrafe ba, wata mujiya ta zauna a kogon. Da almuru sai ta fara wannan kuka nata mai kama da ana yaga ƙyalle. A kwanakin ne zazzaɓi ya kama ka, jikinka kamar garwashi, ba ka karɓar nono. Kakarka Inna Tumba, uwar babanka, Allah Ya ji ƙanta, ta shigo ɗakina ta tsaya a kaina ta ce:

"Ke ɗiyag ga, kina jin tsuntsuwag ga kina zaune? Ba ta kuka banza. Gidan da duk tay yi ma kuka, a duba jinjirin gidan."

Ta ja ni gindin tsamiyar ta nuna mini wasu baƙaƙen dunƙule kamar manyan dabino, gashi da 'yan ƙasusuwa a jikinsu. Ta ce jifa ne aka aiko ta bakin tsuntsuwar. Babanka ya ce mana camfi ne, addini ya hana. Ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Tsuntsu bai san ranar mutuwatai ba, balle ta wani." Ban saurare shi ba. Na yi ta kuka, na ƙi cin abinci, har ya gaji ya kira mutane. Suka tura hayaƙi a kogon, suka kashe mujiyar da 'ya'yanta. Na ce a sare tsamiyar ma kada wata ta dawo. Aka sare.

Ka warke. A asibiti ka warke, da maganin zazzaɓin cizon sauro, amma a lokacin gatari na gode wa.

Ba a kai ga cinye hatsin shekarar ba ɓeraye suka cika gidan. Suka huda rumbu ta ƙasa, suka tattauna littattafan babanka, har da rana tsaka suna bin katanga ba sa gudu. Na sayo maganin ɓera a kasuwa na kwaɓa da ƙuli-ƙuli na ajiye a lunguna. Ɓeraye sun mutu, ban musa ba. Kyanwarmu ma ta mutu, don ta ci wanda ya ci. Kaji biyu suka tsattsage ragowar suka bi ta. Ba a jima ba ɓerayen suka dawo fiye da da, don ɓera yana haihuwa da sauri da yawa, kuma yanzu babu mai tare shi ta sama, babu ta ƙasa.

Sai ranar da har yau ban manta da ita ba. Da hantsi ne, ina tankaɗe, ka fara tafiya kana dafa bango. Na ɗaga kai na gan ka ka nufi bayan randa kana dariya, kana miƙa hannu. Gamsheƙa ce a wurin, ta fasa kai. Ban san yadda na isa ba. Ta ƙafa na fizgo ka, goshinka ya bugi ƙasa, tabon da ke saman girarka na hagu ke nan. An gaya maka faɗuwa ka yi, haka ne, amma ni na kayar da kai.

Ba zan ce maka rashin mujiya kaɗai ne ya kawo macijin ba, ba ni da hujjar haka. Abin da na tabbatar shi ne maciji yana bin ɓera, ɓera ya yi yawa a gidan, kuma masu rage shi biyu ni na kashe su da hannuna.

A shekarata ta biyu a jami'a malaminmu ya shigo ɗakin gwaji da irin waɗannan baƙaƙen dunƙulen a faranti. Ina ganinsu na gane su. Ya ce mu jiƙa su mu buɗe da allura. A cikin nawa na ciro ƙoƙon kan ɓera, da haƙoransa biyu na gaba. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum, abin da cikinta ya kasa narkarwa, gashi da ƙashi, sai ta dunƙule ta amayar. Jifan da Inna Tumba ta nuna mini ke nan. Kowane dunƙule ɓera ne da bai kai ga rumbunmu ba. Na nemi kujera na zauna. Wata yarinya sa'ar Hauwa ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce mata warin magani ne ya hau mini kai.

To Babana, kafin ka kashe abu ko ka sare shi, ka tsaya ka tambayi kanka me yake ci, me ke cinsa, wa ke kwana a cikinsa. Idan ba ka san amsa ba, ka bar shi tukuna. Tsuntsayen da Kawunka ya raina suna da aiki. Balbela da shamuwa fara suke ci. Shaho da mujiya ɓera da gafiya suke kamawa, waɗanda za su bi maka kunya-kunya suna tono. Na karanta cewa jemagu ne suka fi kai ƙurar fure daga wata ɗorawa zuwa wata, ƙudan zuma na taimakawa, idan babu su kalwa ba ta yin yawa. Wannan ban gani da idona ba, a littafi ne. Ban kuma ce duk tsuntsu abokinka ne ba. Jan-baki yana sauka a gero ya bar maka zangarniya tsirara, kowa ya sani. Amma shi daga nesa yake zuwa garke-garke, sare ɓaure ɗaya ba ya hana shi.

Macizai kuwa akwai su a kurmin, ba zan ɓoye maka ba, kuma babu abin da nake tsoro kamar su. Na sa maka takalmin roba mai dogon wuya a ƙasan jakarka, ka sa shi ko zafi ya dame ka. Kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara ba ka taɓa da sanda ba. Idan, Allah Ya kiyaye, wani abu ya same ka, kada ka yarda a tsaga ko a tsotsa, a ɗora ka a babur a nufi asibiti nan take. Amma ka sani, idan aka sare kurmi maciji ba ya mutuwa. Bukkarka zai nufo, inda hatsi yake.

Kuskurena na biyu ka girma a cikinsa, ka ga ƙarshensa, sai dai ban taɓa gaya maka yadda na ɗauke shi ba. Gonar babanka ce ta hanyar Dogon Daji. Ka tuna gawon da ke tsakiyarta, da sauran na gefe. Ka tuna Juli, Bafulatanin da ke sauka da iyalinsa da shanunsa a gonar duk bayan kaka. Shanu su ci kara da 'ya'yan gawo, su kwana a wurin, su bar mana taki. Matarsa ta kawo mini nono, in auna mata gero. Haka muka tarar uban babanka yana yi da uban Juli. Kai kanka har karsana ka zaɓa a garken ka ce taka ce, suna yi maka dariya suna kiranka ɗan Arɗo.

Da labaran daji suka fara ɓaci, babanka yana kwance ba lafiya, gonar tana hannuna. Mata suka riƙa shigowa suna cewa wa ke saukar da baƙi a gona a irin wannan zamani. Kai kuma lokacin kana tafiya gonar kai kaɗai a ƙafa. Tsoro ya kama ni. Na aika wa Juli cewa bana kada ya sauka. Ban tsaya nan ba, na sa aka sare gawon duka, wai don kada 'ya'yansu su jawo wasu shanun. Mutumin nan bai taɓa yi mana komai ba sai alheri, ina so ka riƙe wannan. Ya zo har zaure ya duba babanka, ya yi masa addu'a. Da zai tafi ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki:

"Malama, ba komi. Mu mun saba da tashi. Ki dai gaya ma yaron ga naki, karsanar da yac ce tashi ce, ta haihu."

Ban gaya maka ba, kunyar kaina ta hana. Ga shi na isar da saƙon bayan shekaru.

Da farko gonar ba ta nuna komai ba. Muka zuba takin zamani, gero ya yi kyau, na ce ashe ba mu yi asara ba. Sannu a hankali ƙasar ta yi fari, ta saki, ruwan sama ya sauka da safe kafin la'asar ta bushe. Sai wuta-wuta ta fito da furenta mai kyau kamar abin ado. Kai ka sha tumɓuke ta har hannunka ya yi kanta. Ka san abin da muke kwasowa daga gonar yanzu, ba sai na faɗa ba.

Ga abin da na koya daga baya. Gawo yana zubar da ganye ne da shigowar damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe a gindin shuka. A saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu jawo wani sinadari daga iska su mayar da shi abincin tsiro. 'Ya'yansa suna da tauri, sun fi saurin tsira idan sun bi ta cikin dabba. Wato shanun Juli suna cin gawo, suna kuma shuka shi. Takin zamani yana ciyar da tsiron shekarar, amma ba ya ba ƙasa jikin da za ta riƙe ruwa kamar yadda kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye ke yi. Ita kuwa wuta-wuta a saiwar gero take maƙalewa tana tsotsa, kuma ta fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Gaskiya ne ruwan sama ma ya canja a shekarun nan, yana makara, yana yankewa a tsakiya. Ba zan iya raba maka nawa ne laifin sama nawa ne laifina ba. Amma gonar maƙwabcinmu da ya bar gawonsa sama ɗaya ce ke kansu, kuma ka gan ta.

Na kawo wannan ne saboda burtalin da ya gangaro ta gabashin gonarka ya faɗa tafkin. Tun kafin a haifi mahaifina shanu ke bin sa zuwa mashaya. Idan ka zuba albasa har bakin ruwa kamar yadda Kawunka ya ce, ka toshe shi ke nan. Saniya mai ƙishirwa ba ta san iyaka ba. Za ta shiga, za ka fito da sanda, mai ita ma yana da tasa. Abin da ke biyo bayan wannan hannuna ba ya iya rubuta shi. Kafin ka dasa ko ɗan iri ɗaya, ka sayi goro ka je ka gaida Arɗon wurin. Ku tsaya tare a bakin ruwa ku shata inda shanu za su sha, ka kewaye shukarka da ƙaya. Bayan girbi ka gayyace su su kwana a tudun gonar. Idan ka ji labarin Juli a can, ka neme shi ka gaishe shi, ka ce Malama ce ta aiko ka.

Saura maganar ruwan kansa. Nan ma ina da tabo, ƙarami ne amma yana nan. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Hauwa, na ɗauki ragowar maganin feshin wake na juye a kududdufin bayan gidanmu don in kashe sauro. Da safe kwaɗi suna yawo a saman ruwa ciki a sama, talibambam sun taru a gefe baƙi ƙirin ba sa motsi. Da almuru unguwa ta yi tsit, har yara suna tambaya ina kwaɗi suka tafi. Sauro kuwa bai daɗe ba ya dawo. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwanaki kaɗan yake ɗauka, masu cin tsutsarsa a ruwa kuwa, irin 'ya'yan ƙwaron nan mazari da ƙananan kifaye, suna daɗewa kafin su farfaɗo. An kuma koya mana cewa sauron zazzaɓi ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a rana, kamar sawun kofato da ramin kwaɓa ƙasa, fiye da babban ruwa mai kifi. Ka yaƙi sauro da gidan sauro, na sa maka sabo, ka cike ƙananan ramuka kusa da bukkarka. Famfon feshinka kuwa kada ka taɓa wanke shi a tafki, kada ka haɗa magani a bakinsa. Mutane na sha a nan, shanu na sha, kai ma za ka ci tarwaɗarsa.

Yanzu ka duba abin da kurmin ke yi wa tafkin. Inuwarsa tana rage zafin ruwan da ke gefe, ruwa mai sanyi kuwa ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Itatuwan suna karya ƙarfin iskar rani mai kwashe ruwa. Saiwoyinsu ne suka riƙe gaɓar. Idan babu su, ruwan sama na farko zai gangaro da yashin tudu ya zuba a ciki, bana kaɗan, baɗi kaɗan, har tafki ya zama faranti. Takin da za ka zuba wa albasa a bakin ruwa zai bi shi ciki, gansakuka ta rufe fuskarsa, idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar ruwan, kifi ya taso yana haki. Itace ma yana shan ruwa, ban manta ba, ba zan yi maka ƙarya in ce ba ya sha. Amma a tafkunan da na sani tsakanin Tambuwal da Kebbe, waɗanda aka aske wa gefe su ne na ga sun riga ƙafewa. Gani ne kawai, ban auna ba.

Injin ban ruwanka ma yana ba ni tsoro. Kakanka, mahaifina, da guga yake ɗiba, duk da haka yana da doka. A gindin babban ɓauren akwai wata saiwa mai kauri da ta miƙa cikin ruwa kamar hannu. Idan ruwa ya ja baya har ta fito fili gaba ɗaya, ya daina ban ruwa, ko shuka na kuka. Sauran na shanu ne da kifi da gaiwar da ke shiga laka ta kwanta har damina. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, yarinya ce ni. Abin da guga ke ɗauka a wuni, inji kafin ka gama alwala ya zuƙe shi. Ka nemi saiwar nan ka riƙa dubanta. Idan aka sare ɓauren, har ma'aunin ya tafi.

Na ɗan taɓa wa Kawunka maganar da zai koma, ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, wanga digiri naki na kwaɗi ne ko na mutane?" Ban ji haushi ba, ƙanena ne, tun muna yara haka yake. Kuma ba duka maganarsa ce banza ba. Albasa tana son rana, a inuwa ba ta yin kai. Kai kuma ba yawon buɗe ido ka je ba, nema ka je, kana son ka tsaya da ƙafarka ka yi iyali. Na san wannan, ina kuma yi maka addu'a a kansa kowace salla. Amma filin da ke kudu da kurmin yana shan rana tun fitowarta har faɗuwa, ƙasarsa baƙa ce, a nan kakanka ke yin tattasai. Tiyo mai tsawo zai kai maka ruwa can. Za ka fi wahala, na yarda.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. Ka bar kurmin nan ya ga rani ɗaya da damina ɗaya kana wurin. Ka noma kudu. Idan rana ta take ka shiga inuwar ka zauna, ka ga wa ke zuwa sha, wa ke sheƙa a sama, wa ke tono a ƙasa, ina ruwan sama ke bi idan ya gangaro. Ka duba gindin itatuwa masu kogo ko za ka ga baƙaƙen dunƙule, idan ka gani ka fasa ɗaya da tsinke. Itacen da aka bari bana ana iya sare shi baɗi. Wanda aka sare kuwa, ka dubi 'yar tsamiyar da na dasa a kusurwar gidan nan shekarar da na fara jami'a. Ina ba ta ruwan alwalata kullum, na kewaye ta da kwando saboda awaki, har yau ba ta kai kafaɗata ba. Ba na jin zan zauna a inuwarta.

Idan ka kwance kayanka ba za ka ga gatarin ba. Kada ka zargi ƙannenka ko masu lodi a tasha. Ni na zare shi bayan ka ɗaure kayan, yana ƙarƙashin gadona. Na san Fakku ba ta rasa gatari ba, masu gawayi ma da nasu suke zuwa, kuma ba ni da ƙafar da zan bi ka in tsaya a gaban ɓaure. Duk ɓarnar da na lissafa maka tsoro ne ya sa ni, kuma duk don kai da 'yan'uwanka na yi. Tsoron bai bar ni ba, ina jin da shi za a binne ni. Sai dai a da idan ya kama ni gatari nake sa a ɗauko, wannan karon ɓoye shi na yi.

Idan damina ta wuce kana nan a kan bakanka, ka zo da kanka ka karɓa, kada ka aiko kowa. Zan shimfiɗa tabarma a ɗakina, in ajiye kunyar nan a bakin ƙofa, in zauna muna fuskantar juna kamar yadda ban taɓa yi ba tun da na haife ka. Ka gaya mini abin da ka gani a kurmin, ɗaya bayan ɗaya. Idan hujjarka ta fi tawa, da hannuna zan miƙa maka shi.

Allah Ya sa albarka a ƙasar da za ka taka da ruwan da za ka ɗiba. Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, manoma da makiyaya. Ya kau da idon mugu daga bukkarka, Ya kwantar da kai lafiya Ya tashe ka lafiya. Babanka yana sa maka albarka, bai san na ɗauke gatarinsa ba. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka sa takalmin nan. Allah Ya dawo mini da kai da ƙafafunka, ka tarar da ni da rai.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Tambuwal.